Wurin da Muke Tsallakewa

Litinin, 4 ga Nuwamba

Inna ta dawo daga asibitin ido da tikiti uku a jaka. A tashar bas ta ga tallan: fim ɗin Bultuk, 'yar akuyar nan ta zane, an mayar da shi wasan dandamali mai waƙoƙi, mutane ne za su yi. Asabar ta sama, da rana. Ko shawara ba ta yi da ni ba. Uwar miji ai ba ta shawara.

Na ce, "Inna, kin san jikarki Begimai ba ta iya taro."

Ta ce, "Yaushe kika gwada ta?" Ta wuce ta ɗora shayi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mijina Ulan ya kira daga Mosko, a kan gini yake, ina jin iska a wayar. Murna ma yake yi. Wai 'yarsa za ta ga Bultuk ido da ido. Sai da na tuna masa wace ce 'yar tasa. Shekara goma, ba ta kallon idon mutum, ƙarar injin wanki kawai tana sa ta dukan kanta. Rabin maganar bakinta daga fim ɗin nan ta ɗauko. In yunwa take ji sai ta ce, "Ciyawar can ta fi kore," irin yadda akuyar ke faɗi.

Na ce, "Wurin guguwa fa?"

Wurin da tsohon kare Aktosh yake janye kyarketai cikin dusar ƙanƙara don akuyar ta tsira, shi kuma bai dawo ba. Sau ɗaya Begimai ta taɓa ganin wurin, tana 'yar shekara huɗu. Ta ciji hannunta har jini, tabon yana nan. Tun ranar, da iska ta fara kaɗawa a fim ɗin nake danna gaba. Kullum. A gidan wasa wa zai danna mini?

Ya ce, "Tolkunai, ki bar wa Allah." Shi da yake can.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na buga wa gidan wasan waya na tambaya ko sun cire wurin. Matar ta yi dariya. "Haba Anti, ai nan ne daɗin wasan! Har iska muke saki a kan mutane."

Na ajiye wayar.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na gaya wa Begimai. Ba ta ɗago ba, tana ta jera cokula a ƙasa. Can da yamma na iske ta tsaye a bakin ƙofa, ta sa takalmi da rigar sanyi. Na ce ba yau ba. Aka yi kuka. Maƙwabciyar ƙasa ta bubbuga bututun ɗumama ɗaki, kamar yadda ta saba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na kama kaina ina fatan ta yi mura kafin Asabar. Astagfirullah.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na haɗa jaka: abin toshe kunne, cokalinta, kayan canji. Inna ta soya borsok, irin fanken nan namu, ta ƙulla a leda kamar masu doguwar tafiya zuwa garin Naryn. Na roƙe ta mu canza zuwa kujerun bakin ƙofa. Ta ce ita da idonta ɗaya ba za ta zauna a baya ba. Ban ci abincin kirki ba yau.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun dawo. Bari in rubuta tun ban manta ba.

A tasi muka je. Wurin cike da yara, ihu ta ko'ina. Begimai ta manne da bango, sai da Inna ta rufe ta da mayafinta muka ratsa. Da aka buɗe labule, wata budurwa ta fito da ƙahoni da farar riga tana tsalle. Begimai ta ce da ƙarfi, "Ba ita ba ce." Amma da kiɗa ya tashi sai ta tsaya cak, ta cire abin toshe kunnen da kanta. Tana bin waƙoƙin a hankali, in suka canza kalma sai ta gyara musu. Wasu suka riƙa waigowa. Ni ban ga wasa ba, fuskarta nake kallo.

Sai fitilu suka koma shuɗi. Iska mai sanyi ta bugo mu. Begimai ta miƙe tsaye.

"A wuce! A wuce! Mama, a wuce!"

Na kamo ta in fita da ita, ta ƙanƙame kujerar gaba da hannu biyu. Ban san tana da ƙarfi haka ba. Na ce, "Zo mu tafi, 'yar Mama." Ta ƙi. Tana ihu, tana jijjiga, amma idonta yana kan dandamali. Ta kai hannu baki, na yi sauri na tura mata gefen mayafin Inna, shi ta ciza.

Wani mutum a bayanmu ya taɓa kafaɗata. "Malama, in ba ta da lafiya ku fita da ita mana."

Kafin in buɗe baki Inna ta juya. "Kai ɗan nan, jikata ta fi masu wasan sanin wasan. Share majinarka, kai ma ai kukan kake yi." Wata mata ta tuntsire da dariya. Sai a lokacin na lura rabin yaran ɗakin kuka suke yi.

Karen ya shige cikin farin hayaƙi, bai fito ba. Begimai ta zauna. Ta saki mayafin. Ta ce, "Mama, ina ya tafi?"

Babu wannan maganar a fim ɗin. Na san fim ɗin kalma da kalma, babu ita. Tata ce. Na ce, "Ya mutu." Ta yi ta murza cokalinta har aka gama.

Da 'yan wasa suka fito gaisuwa, ga mai rigar karen yana ɗaga hannu. Ta ƙwala ihu, "Ga shi can!" Yanzu kuma wa zai fahimtar da ita wannan?

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ranar wahala. Ta ƙi abinci, ta fasa kofi, ta ƙi yarda a taɓa ta. Na ce wa Inna, "Kin ga abin da nake gudu ko?" Ta ce, "Ke ma shekaranjiya ba ki ci ba, wa ya kai ki asibiti?" Ban sake yi mata magana ba har magariba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Begimai ta kunna fim ɗin. Da iska ta fara na miƙa hannu, ta ture ni. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar baya, ta sake kallo. Tana kuka, amma ba ta ciji komai ba. Na tsaya a ƙofar kicin da wuƙa da karas a hannu, ban san me ake so in yi ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Albasa ta ƙare, Inna kuma ƙafarta na ciwo, shi ya sa na tafi kasuwa da Begimai. A bas. Ba wani abu ba ne. Ta yi ihu sau ɗaya wajen masu nama, muka tsaya har ya wuce. Mai tuffa ta tambaye ta sunanta, na buɗe baki zan amsa mata, sai na fasa. An daɗe ana jira, matar har ta fara sallamar wani.

Sai Begimai ta faɗi sunanta.

Albasar ma na manta ban saya ba. Sai mun koma gobe.