Ƙofar Gaba

Talata da dare, 14 ga Maris, 2006

Yau ɗana Sabo ya zo da magini, wai zai toshe ƙofar gaba ya mai da barandar shagon katin waya. Ya ce, "Hajiya, ai ga ƙofar baya, ta ma fi miki kusa da kicin."

Na ce, "Sannu da zuwa, Oga Bature. Ashe ka dawo?"

Lokacin da babana yake kukun Baturen haƙar kuza a gidan nan, ta baya kawai muke shiga, takalmi a hannu. Ranar da mijina Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya sayi gidan, sai da na shiga ta gaba, na fito, na sake shiga, har maƙwabta suka ce amarya ta zautu.

Tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar, na hau tsintar wake. Magini ya durƙusa ya gaishe ni, ya kwashi kayansa. Sabo zai dawo gobe, taurin kaina ya gado.

Bayana yana ciwo, amma da sassafe zan koma. Ta ƙofar nan za a fitar da gawata. Bayan nan su sayar da katinsu.