Kafet ɗin Gidan Rediyo

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Mu nan ƙalau, Ummanki tana gaishe ki.

Labaran safe da kike karantawa a rediyo ba sa wuce ni. Amma mako biyu ke nan karatunki bai yi mini ba. Kina tsayawa inda babu waƙafi, kina haɗiye ƙarshen jimla. Ranar Talata sau tara na ƙirga. Shekara talatin ina koyar da karatu, a ce 'yata ce take haka? Idan sakaci ne, ki gyara.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaishe ku da kyau, ya ƙarfin jiki?

Ba sakaci ba ne. Asmar nan ce ta dawo, wadda kuke cewa na bar ta tun ina firamare. An yi wa ɗakin karanta labarai gyara, an lulluɓe shi da kafet mai kauri har bango, babu taga, na'urar sanyi tana ta juya ƙura. Minti uku da shigata ƙirjina zai ɗaure kamar an zauna a kai. Da jar fitilar fara watsa shiri ta kama kuwa, ba damar tari. Duk inda kuka ji na tsaya, numfashi nake nema. Idan aka sa muryar wakilinmu, sai in kashe makirfo, in shaƙi inhela, maganin asmar, in dawo.

Na kai wa shugaban sashenmu takardar likita. Ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Malama, ai kowa ma yana tari." Masinja ya ce in sha zuma, direba ya ce tafarnuwa. Wallahi na gaji da bayani, ga shi ko numfashin yin sa ba ni da shi.

Don Allah kada Umma ta ji.

'Yarku

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Tabarauna ya karye, Ummanki ce ta karanta mini wasiƙarki. Ta yi kukanta, ta kuma ɗaure miki tafarnuwa, na hana a aiko.

Na yi miki faɗa a kan abin da ban sani ba, ki yi haƙuri. Shi shugaban naku, ƙarfe nawa yake zama ofis?

Babanki

Baba,

Ina gaishe ku, ina gaida Umma.

Na san kun ji abin da ya faru ranar Alhamis. Ina tsakiyar labari na biyu numfashi ya ƙi fita, sai wani fito a ƙirjina, makirfo kuma a buɗe. Mai kula da sauti ya yi maza ya sa kiɗa, aka fito da ni riƙe. An cire ni daga karatu, an ba ni tebur in riƙa gyara rubutun wasu, wai "sai kin warware." Ta ina zan warware, ciwon yana shimfiɗe a ɗakin?

Likita ya ƙara mini abin shaƙa na safe da yamma, kuma a gida lafiyata lau, har bene nake hawa. Akwai tsohon ɗakin karanta labarai a ƙasa, siminti ne zalla, makirfonsa yana aiki. Sau uku ina roƙon makullin, shugaba yana cewa za a duba.

Maganar ofis kuma, don girman Allah kada ku zo. Ni ba 'yar aji uku ba ce.

'Yarku

Auta,

Bayan gaisuwa. Na zo. Kin je ganin likita a lokacin.

Awa biyu shugaban naku ya bar ni a benci. Da ya fito na ce ya kai ni ɗakin mai kafet, muka shiga, na ja ƙofa, na ce mu yi maganar a nan. Kafin mu gama gaisawa ya yi atishawa sau huɗu. Duk da haka bai ba da makullin tsohon ɗakin ba, wai za a duba.

Litinin zan koma. Na yi ritaya, ba ni da wani aiki.

Ki riƙa shaƙar maganinki a kan lokaci.
Babanki