Zuga-zugin da Ya Fi Ƙarfin Motar Yaya

Assalamu alaikum Baba Mai Fili. Don Allah ka taimake ni da shawara, abin da ke raina na kasa faɗa wa kowa a gida.

Ni ɗalibar lise ce, wato babbar sakandare, a Malbaza. Yayana Kabiru bakanike ne, yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da ya tayar da hannunsa. Da ita yake kai Inna asibiti a Ƙonni duk wata don awon hawan jini. Kwanan baya ya samo wani ƙarfe daga masu sayar da tsofaffin kayan mota a tsallaken iyaka, yana kiransa kwamfaresa. Na zaci irin na masu faci ne da ake hura taya. Ashe shi wannan, injin mota yake hura wa iska. Bel ne ke juya shi, injin ya sha iska da yawa, ya ƙona mai da yawa, ƙarfinsa ya ƙaru.

Ranar da ya buɗe shi a tsakar gida na tsaya kallo har tuwo ya kusa kamawa. Wasu murɗaɗɗun ƙarafa biyu ne a ciki, suna juyawa cikin juna amma ba sa taɓa juna, tsakaninsu ko silin gashi da ƙyar ya shiga. Na kara tafin hannuna a bakinsa, Yaya ya juya shi da yatsa, sai na ji ƙarfe yana numfashi. Mu maƙera ne, na tashi ina ganin Kaka Yari yana zuga wuta, amma ban taɓa zaton mota ma ana yi mata zuga-zugi ba. Allah mai iko.

Ga damuwata. Guda biyu aka nuna masa, ya ɗauki babban, wanda aka ciro daga mota mai silinda takwas, ya ce babba ai babba ne. Tasa silinda huɗu ce, lita 1,6. Malaminmu Mushe Ɗahiru ya koya mana a darasin fizik cewa iska in an matse ta zafi take yi. Sai na yi lissafi a bayan littafina. Injin Yaya rabin girmansa yake shaƙa a juyi ɗaya, wato lita 0,8. Babban kwamfaresan yana tura 1,8, kuma yadda Yaya ya shirya bel ɗin, zai juya sau biyu kafin injin ya juya sau ɗaya. Lita 3,6 ke nan, ya wuce ninki huɗu na abin da injin ke shaƙa. Sau uku ina sakewa, ko na yi kuskure.

Asabar mai zuwa zai ɗaura shi. Ina tsoron injin ya mutu, Inna ta koma hawan babur ɗin kabu-kabu cikin rana. To amma ni da ko sunansa ba na faɗa a gabansa, da wane baki zan ce ya yi kuskure a sana'arsa? In kuma ni ce ban gane ba fa?

Ɗiyar Maƙera, Malbaza

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na kai lissafinki wurin wani tsohon bakanike, ya duba, ya ce in tambaye ki ko kina neman aiki. Ba ki yi kuskure ba.

Shi ma yayanki ba wauta ya yi ba. Ana iya rage wa babban gudu in an ƙara girman farantin da bel ke ja. Sai dai babba in yana juyawa a hankali iska na sulale masa, ga nauyi, ga ƙarfin da zai cinye wa ƙaramin inji kafin ya ba shi komai. In kuwa aka bar shi yadda kika lissafa, ga zafin bazara, ga man kwalba na bakin hanya, injin zai fara ƙwanƙwasa, fistin ya ƙone. Motar da ke bin bayan manyan motocin siminti na Malbaza ba motar tsere ba ce. Abin da ya dace da ita shi ne ƙaramin, a daidaita shi ya ƙara mata iska kamar sulusi, kada ya wuce rabi. Ko shi ɗin sai an ƙara mai gwargwado, an duba lagireto da birki. In ya bar motar kai Inna asibiti yadda take ma, ba abin kunya ba ne.

Saura yadda za ki faɗa. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki kai masa takardar kafin Asabar, ki ce aikin lakwal ne da malaminku ya ba ku, ya duba miki, ki bar shi ya kai ga amsar da kansa. Sannan ranar da suke zaune da Kaka Yari, ki tambayi tsohon abin da ke faruwa in an sa wa ƙaramar maƙera babban zuga-zugi. Shi zai faɗi yadda gawayi ke watsewa, ƙarfe ya ƙone, kuma Kabiru ba zai yi musu da kakansa ba.

Takardar nan kuwa ki adana ta. Allah ya ba Inna lafiya, ya yi wa karatunki albarka.