Madarar Hure

Juma'a, 6 ga Maris 1942

Kasuwa. Na samu Hure mai nono a gindin gawonta, ta ɓoye mini ɗan ƙoƙon madara ƙarƙashin faifai kamar kullum. Tun da zazzaɓi ya ƙafar da nonon matata Shatu, da wannan ƙoƙon jaririyarmu Fati take rayuwa. Matan rugga nono mai tsami suke kawowa kasuwa, madara ta maraƙi ce da ta gida. Hure kaɗai ta yarda, daga saniya ɗaya, wata ja da take kira Woɗe. Sauran ranaku ƙofar gida take kawowa.

Litinin, 16 ga Maris

Yini guda ina tsaye ina juya maganar kumandan zuwa Hausa, ta talakawa zuwa Faransanci. Kowa ni yake harara. Aikin tafinta ke nan, jifa daga gaba, jifa daga baya. Ƙafafuna ciwo.

Juma'a, 27 ga Maris

Ba madara. Na ce to, Hure ta zuba mini nono. Ta rufe ƙwaryar da hannu. "Wanga ba na ɗiyakka ba na, Malam. Na sa mishi kuka da ruwa, bazara ta." Wai Woɗe ba ta ba da ko na maraƙinta ba. Na yi mata faɗa a gaban mutane, na ce wasa take da ran yarinya. 

Na zagaya wajen wata da ban sani ba. Ta rantse har da Alƙur'ani madararta daga hantsa take. Na saya.

Lahadi, 29 ga Maris

Gudawa ta kama Fati. Shatu ba ta yi mini magana ba tun jiya.

Laraba, 1 ga Afrilu

Gudawar ta tsaya, alhamdu lillahi. Yarinya ta koma sai idanu. Hure ta zo da safe da ƙoƙo rabi, ta ce ta bar maraƙin yana kuka. Ba ta ta da zancen kasuwa ba, ni ma na yi kamar na manta. Kunya ta ishe ni.

Talata, 14 ga Afrilu

Umarni ya zo daga sama: ana son shanu saboda yaƙi. Gardawa, 'yan sandan bariki, za su kewaye ruggagen da ke hanyar Kiyeshe ranar kasuwa ta makon gobe, sa'ad da maza suka shigo gari. Ni na fassara musu. Kumandan ya dube ni ya ce zancen nan mutum nawa ne suka ji shi, ya san su.

Ruggar su Hure na cikinsu.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Na yi ta auna abin har kaina ya yi zafi. In na yi shiru, za a kwashi wasu a bar wasu, wataƙila a bar Woɗe, ramammiya ce, wa zai so ta. Madara ta ci gaba da zuwa. In na yi magana, su ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi da kowace dabba, ƙoƙon Fati ya tafi da su, ni kuma wuyana a igiya. Shiru ya fi. Ba ni na kawo yaƙin ba.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Hure ta ɗaga faifai, ta ce in kai maza, in tafasa kafin rana ta taɓa shi. Ta tambayi jikin Fati. Na amsa ina kallon ƙasa.

Litinin, 20 ga Afrilu

Na gaji. Na gaji da bariki, na gaji da bakina.

Laraba, 22 ga Afrilu

Hure ta zo ƙofar gida. Na karɓi ƙoƙo, na juye, na wanke mata da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Da zan miƙa mata sai na ji ina cewa, "Inna Hure, an ce ciyawa ta fi kyau kudu bana. Ki gaya ma maigidanki Mahmuda. Kak ku jira Juma'a."

Ta daɗe tana kallona. "To ɗiyar fa?"

Na ce Allah na nan. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta tafi ba sallama.

Zancen ciyawa kawai na yi. Kowa yana zancen ciyawa a bazara.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Gardawa sun tarar da toka da kashin shanu. Kumandan ya tara masu gari, ya ce in tambaye su wa ya kai gulma. Na tambaya. Suka ce ba su sani ba. Na fassara daidai.

Gindin gawo wata mai daddawa ta zauna.

Asabar, 25 ga Afrilu

Kunun gero da ɗan man shanu. Fati ta sha rabi, ta mayar da rabi. Shatu ta tambaye ni ko na san abin da ya ta da su Hure dare ɗaya. Na ce ciyawa, mana. Ta dube ni irin kallon da ba ta yi mini ba tun muna sabon aure, sannan ta miƙo mini yarinyar ta ce, "To, kai zaka lallashinta."

Na yi ta zagaya tsakar gida da ita har ta yi barci. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Gobe da sassafe sai neman akuya mai shayarwa.