Ba Alhakin Kare Ba Ne, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Hajo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Allah. Ni ce Rabi. A gajiye nake, Inna. Jiya aka sallame mu daga asibitin Magariya, kwana uku ina jinyar jikana Ila. Akwai maganar da na kasa haɗiyewa.

Kin tuna shekarun saba'in, bayan fari, muna Yekuwa. Kika tarar da karen maharbi ya tsoma baki a ƙwaryar fura, kika jefe shi da itace, ya tafi yana ɗingishi. Bayan kwana uku autanki Habu ya fara tari kamar haushin kare, numfashinsa na fita da ƙara. Matan gari suka ce, "Alhakin kare ne ya kama masa wuya." Aka yi hayaƙi, aka kira wanzami. Kafin amalanke ya kai mu Magariya, Habu ya cika a cinyarki.

Daga ranar har kika bar duniya, kullum sai kin ajiye ƙanzo a bayan danga. Muna tsokanarki, wai karnukan Yekuwa sun fi mu gata.

Irin tarin nan Ila ya yi. Na rantse wa majo, babban mai jinya, ban taɓa kare ba. Ya ce ƙwayar cutar mura ce, ido ba ya ganin ta. In ta kama babba ta sa shi majina kawai, yaro kuwa ta kumbura masa maƙogwaro, don hanyar numfashinsa ƙarama ce. Sai ya tambaya wa ke mura a gida.

Ila ya warke. Ba ke ba ce, Inna, ba kare ba ne. Shekara talatin kina ɗauke da laifin da ba ki yi ba.

Amma tambayar majo ta hana ni sakat. A makon da Habu ya kwanta, ni ke mura. Ni ke goya shi, da bakin zanena nake share hancina in share nasa. Majo ya ce ba laifin kowa ba ne. Na sani, shekarata tara a lokacin. Sanin bai rage mini komai ba.

Yau da na kankare tukunya, na tsaya da ƙanzon a hannu, na rasa inda zan kai shi.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da Habu. In ya haɗa ku, ki ce masa Yaya Rabi ba ta sani ba.

Ɗiyarki,
Rabi