Ƙullin Maƙwabci

Enkhuizen, 6 Oktoba 1986

Gwaggo Aafje,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda kin rantse kunnenki ba zai ƙara wahala da tarho ba, ga takarda.

An ɗora mini darasin koyon sana'a a aji huɗu, yara ashirin da uku da ba abin da ke tashinsu sai ƙararrawar tashi. Rannan na kai musu tsohon littafin tallan iri na Kaka Sijmen, na ba su labarin yadda ya fara da keke ɗaya har ya kai ga aika iri ta gidan waya ko'ina a ƙasar nan. Gwaggo, sai ga aji ya farka! Wata Femke ta ce, "Malama, ashe ku ma kun taɓa yin arziki, me ya cinye shi?" Na yi dariya, amma ban san amsa ba.

Mun yanke shawarar tayar da sana'ar. Mun je tsohon filinmu mun tarar farin karas ɗin Kaka yana nan yana fitowa da kansa, mun karkaɗe iri cike da bokiti biyu. Ki ba ni labari don yaran: me ya sa aka rufe gidan sayar da irin?

'Yarki,
Lidewij

Zwolle, 15 Oktoba 1986

Lidewij,

Na samu takardarki, na gode. Ƙafa tana nan yadda take.

An rufe gidan don an rufe shi. Ki koya wa yara lissafi da ladabi ya ishe su. In kuwa sai kin yi, ga dokar kakanki: ba a aika iri sai an shuka shi a gida, an jira shekara, an ga abin da ya fito. Kuma kada ki kai 'ya'yan mutane bayan rumbu.

Ki gaida uwarki.
Aafje

Enkhuizen, 20 Maris 1987

Gwaggona mai rowar magana,

Ina gaisuwa. Ki yafe shirun, aiki ne ya sha kaina. Albishirinki! Mun sa talla a jaridar manoma, oda ɗari biyu da goma sha biyu ta shigo, duk mun aika tun makon jiya. Shugaban makaranta har kek ya saya mana.

Maganar jiran shekara kuwa, Gwaggo, yaran nan a Yuni za su gama. Mun zuba iri a jiƙaƙƙen tsumma, ya tsiro cikin kwana goma, me ya rage? Shi kuma bayan rumbu, gargaɗinki ya makara, ai can muka samo irin. Na san tsohuwar rijiya kike tsoro, ba wanda ya faɗa.

Abin da zai faranta miki: mun dawo da ƙullin maƙwabci. A bayan littafin Kaka na ga dabarar, kowace ambulan a sa ƙulli biyu, ɗaya na mai saye, ɗaya kyauta ya ba wanda ya ga dama. Na ce wa yara wannan shi ne talla tun kafin a san sunansa.

Abu ɗaya ne ya dame mu, ajin har yau warin ɓera yake, mai shara ya ɗana tarko bai kama komai ba. Haka irin yake dama?

Taki,
Lidewij

Zwolle, 23 Maris 1987

Lidewij,

Ki bar duk abin da kike yi ki karanta.

Wannan ba karas ba ne. A gida Baƙuwa muke ce mata. Ganyenta na karas, saiwarta fara, karanta da ɗigon ja kamar an yayyafa jini, warinta na ɓera. Saiwa ɗaya ta isa ta kashe babba.

A 1951 ta shiga cikin irinmu. Ni ce mai gwaji a lokacin, ina da shekara ashirin da shida, hankalina yana kan wani saurayi. Na ce wa Baba na shuka na gani, alhali ban shuka ba. Da muka gane, muka bi masu saye gida gida, don muna da adireshinsu. Na waɗanda aka ba ƙullin maƙwabci ne ba mu da shi. Wata yarinya a Drenthe, Geesje, shekararta biyar, ta ci a miya, ta rasu. Baba ya zubar da buhunan irin a bayan rumbu, ya rufe gidan, duk bazara yana sare abin da ya fito har ya mutu. Bai ƙara kiran sunana a teburin abinci ba.

A Oktoba ya kamata in faɗa miki. Kunya ta hana ni, na yi miki gajeren zance ina fatan ki gane. Laifin nan nawa ne karo na biyu.

Ki je wurin 'yan sanda yau. Ki ƙirga ƙulli, kada ki ƙirga ambulan.

Aafje

Enkhuizen, 2 Yuni 1987

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na daɗe ina fushi da ke, yanzu ba ni da ƙarfinsa.

An yi sanarwa a rediyo da jarida. An dakatar da ni daga aiki, amma yaran ba su bar ni ba, kullum suna kan keke suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Femke ta daina tsokanata, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Cikin ƙulli ɗari huɗu da ashirin da huɗu mun karɓo ko mun tone duka, saura ɗaya. Wata mata a Hoorn ta ce ta ba wani dattijo a jirgin ƙasa, don ya ɗaga mata jaka. "Wallahi ban tambayi sunansa ba," in ji ta, "hular masunta ce dai a kansa."

Ina roƙon Allah ya sa ya manta da shi a aljihu.

Lidewij

24 Satumba 1987

Zuwa ga 'yan makaranta masu sayar da iri,

Gaisuwa daga wani tsoho da ba ku sani ba. A jikin ƙulli na ga adireshinku, na ce sai na yi godiya. Wata baiwar Allah ta ba ni shi a jirgi. Tun ina yaro rabona da farin karas. Ya yi kyau ƙwarai, ganyen har ya fi wanda na sani, sai dai ɗan wari, ina jin takin ne. Ran Lahadi jikokina uku za su zo, zan tone shi in dafa musu da dankali da albasa kamar yadda uwata take yi.

Ku ci gaba, Allah ya yi muku albarka.
Harm

Gwaggo, ga takardar nan kamar yadda ta zo mana. Babu adireshi, ruwa ya cinye tambarin gidan waya. Yau Asabar.
L.