Baƙi Biyu Masu Shara

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce in daina sunkuyo. Ni. Shekara talatin da ɗaya a asibiti, goman ƙarshe ina shugabar ma'aikatan jinya, ina bin ɗakunan marasa lafiya da farin hankici ina shafa saman taga, yau likitan da aka haifa ina bakin aiki yake gaya mini tsintsiya ta fi ƙarfin bayana.

Kuskurena da na bar Auta ta raka ni, ta ji da kunnenta. Tun a mota ta yanke hukunci: ko a kawo injin da zai riƙa share gidan yana gogewa da kansa, ko in tattara in koma wurinta da mijinta. Wai har ta sa an yi wa ɗakina fenti a can. Na ce a gidan nan na aurar da yarana duka, a nan babansu ya rasu, ba inda za ni. Ta ce, "To inji ke nan, Mama." Yarinyar nan bakina ta ɗauko, shi ya sa ba na iya kayar da ita.

Laraba, 5 ga Maris

Sun iso, har biyu. Surukina ne ya kasa zaɓa, sai mai shago ya ba da su gwajin kwana goma, a mayar masa da wanda bai yi ba. Kowanne kamar faifai mai kauri, kowanne da mazauninsa a jikin bango, wani akwati da ya kai mini gwiwa. Can yake komawa ya yi caji, ya juye ƙurarsa cikin jaka, ya wanke tsumman gugarsa.

Farin yana da kyamara a goshi, yana ganin abu ya kauce masa. In ya zo kan kafet sai ya ɗage tsummansa sama don kada ya jiƙa shi, kamar mai tattare zani za ta tsallake kwata. Na sa masa suna Amarya. Baƙin ba shi da kyamara, sai ƙarfin zuƙa da ƙara, kuma sai ya tunkuyi abu kafin ya yarda yana nan. Wannan Rago ne.

Surukina ya yi awa biyu a durƙushe yana bayani. Tsarinsa: yau ɗaya, gobe ɗaya, ranar Asabar a buɗe jakunkuna a ga wanda ya fi tara ƙura. Bawan Allah, ko ranar da aka haifa masa ɗa ban ga wannan murnar a fuskarsa ba.

Auta ta tafi da tsintsiyata da abin goge ƙasa a bayan mota. Ba ta san da ta bayan firji ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ranar Amarya. An saita ta ƙarfe goma. Ƙarfe tara na dubi falon, ga ɓurɓushin burodi ƙarƙashin tebur, ga zare, ga gashin kaina a gefen kujera. Ina zan bar baƙuwa ta ga wannan? Na ɗan zaga da tsintsiya. Kaɗan fa.

Ta fito shiru, ba ƙara ba hayaniya, ta bi layi-layi, ta kewaye takalmina ba ta taɓa ba. Da ta gama na ɗauko hankici. Tayil fes. Saman taga kuwa ko kallo bai ishe ta ba, na ji daɗin wannan.

Juma'a, 7 ga Maris

Rago ya kayar da tukunyar fure, ya haɗiye igiyar cajin wayata, ya tsaya tsakiyar falo yana cewa, "Na maƙale, a taimaka." Surukina ya sa masa muryar namiji. Na ce masa wa ya aike ka. Ya sake faɗa.

A ƙarshen baranda ya yi ta dukan ƙofar ɗakin karatu, sau huɗu. Na juya shi da ƙafa. Ba a shiga nan.

Bayana yana ciwo. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Asabar, 8 ga Maris

An buɗe jakunkuna. Ba komai. Ta Amarya ɗan gari-gari da bai cika cokali ba, ta Rago ƙasar tukunyar fure da maɓallin riga ɗaya. Surukina ya juya su, ya hura, ya haska da fitilar waya, ya ce lalle duka biyun suna da matsala, zai kira mai shago. Na ce ai gidan wasu ba ya tara ƙura. Auta ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da nake yi wa masu goge-goge a asibiti in sun ce ai yanzu suka gama.

Ya nuna mini taswirar gidan a wayarsa, wadda injinan suka zana. Ga falo, ga kicin, ga ɗakina har da ƙafafun gado. Gidana da na sani shekara arba'in, ga shi a tafin hannun surukina. A ƙarshen baranda wuri ɗaya baƙi ƙirin, babu zane. Ya ce, "Nan fa, Mama?" Auta ta taka masa ƙafa. Na gani.

Lahadi, 9 ga Maris

Maƙwabciyata ta zo kallo. Ta ce farin ya fi kyau, ya dace da labule. Ita ko miji ma haka ta zaɓa.

Litinin, 10 ga Maris

An kama ni.

Ashe duk abin da ya tare wa Amarya hanya sai ta ɗauki hotonsa ta aika wayar Auta, wai don a san abin da za a kawar. Yau na makara, ina cikin ɗan zagayena ta fito. Ƙarfe goma da minti ashirin Auta ta kira daga wurin aiki, ko gaisuwa babu. "Mama, ƙafar wa nake gani?" Ta turo mini hoton: ƙafafuna biyu cikin silifas, bakin zanina, da tsintsiya a tsakiya. A ƙasa an rubuta wai abu ne da ba a gane ba.

Na ce ina gyara mata hanya ne. Ta ce, "Mama, share wa mai shara kike yi?" Na ce ke ba ki san kunya ba. Sai muryarta ta canza. Ta ce ita ba wasa take ba, in na faɗi a kicin ba mai ji, kuma in har zuwa Asabar gwajin bai nuna injin yana aikin ba, to maganar ta ƙare, za su zo da mota. Ta yi kuka kaɗan. Ni ma, amma bayan na kashe.

Da yamma ta zo ta ɗauke ta bayan firji. Ta duba har bayan wadirob.

Na shekara ina korar masu gulma daga ɗakin jinya, yau ga ɗaya a falona ina ba ta wutar lantarki.

Talata, 11 ga Maris

Ban share ba. Na zauna a kujera na naɗe hannu ina kallon ɓurɓushi, ji nake kamar a jikina yake. Rago ya zo ya zuƙe, ya daki ƙafar kujerata, ya wuce. Ko sannu.

Baban yara haka yake tafiya a gidan nan. Bai taɓa wuce teburin falo bai buge shi da gwiwa ba, sannan ya ce wa ya matsar da shi. Tebur yana nan inda yake tun da aka kawo shi.

Laraba, 12 ga Maris

Amarya ta yi aikinta, ba laifi ko ɗaya. Har na manta tana gidan, sai da na ji tana wanke tsummanta. Na rufe mata ido da ɗankwali don in wuce, sai ta tsaya cak ta aika wa Auta ƙara. An sake kirana.

Alhamis, 13 ga Maris

Ina kicin ina jiran ruwan shayi, na ji dukan ƙofa. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu na ji ƙarar da na sani. Makullin ɗakin karatun ba ya kamawa sosai tun da daɗewa, baban yara ya shekara bakwai yana cewa gobe zai gyara. Tun bayan rasuwarsa, shekara biyu da wata huɗu, na ja ƙofar ban sake buɗewa ba. Yara sun sani, ba mai tambaya.

Kafin in kai, Rago ya shige. Na tsaya a baranda ina jin sa a ciki yana gurnani, yana dukan ƙafar tebur, yana dukan kwandon takardu. Na ce zai fito da kansa. Sai ƙarar ta tsaya.

"Na maƙale, a taimaka."

Na ce ka daɗe. Na koma kicin, na zuba shayi, na zauna. Muryar namiji daga ɗakin nan, bayan shekara biyu, tana neman a zo. Ya faɗa sau biyar. A na shida na tashi.

Ƙura. Ni da nake sa a sake wanke ɗaki guda saboda layi ɗaya a hankici, ga ƙura a gidana har sawun ƙafata yana fita. Inda Rago ya bi ya bar hanya fara, a karkace, daga ƙofa zuwa ƙarƙashin tebur. Can na same shi ya shaƙe da igiyar rediyo, ya hau kan silifas ɗin baban yara ƙafa ɗaya. Tabaraunsa yana kan jarida a buɗe. Kofinsa. Biron nan da ya yi ta zargina da ɗaukewa, ga shi ƙarƙashin kujera.

Ban sunkuya ba, likita ya hana. Na zauna a ƙasa gaba ɗaya, na zare igiyar. Na daɗe a zaune. Na yi kewarsa ƙwarai, in faɗi gaskiya, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwarsa, don ranar akwai baƙi.

Shi kuwa Rago ina sakinsa ya ci gaba da aikinsa, ya daki ƙafata. Sau uku yana komawa mazauninsa ya juye ya dawo. Tashi daga ƙasa ya ɗauke ni lokaci, da ƙafar tebur na kama.

Juma'a, 14 ga Maris

Na goge tebur da taga da littattafai, duk a tsaye. Ƙasa ba aikina ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

An buɗe jakunkuna. Ta Amarya rabin rabi. Ta Rago cike dam, da ƙyar surukina ya zaro ta. Ya ɗaga ta sama yana cewa, "Kun gani? Ƙarfin zuƙa. Na faɗa tun farko." Bai faɗa ba. Ya shiga bayanin injin da ke ciki, na bar shi.

Auta kuwa taswira take kallo a wayarta. Baƙin wurin nan ya cike: ga tebur, ga kujera, ga kwando. Ta ɗaga kai ta dubi ƙarshen baranda, ta dube ni. Na ce kada ki fara. Ta ce, "Ban ce komai ba, Mama." Daga baya na gan ta a ɗakin, ta ɗauki tabarau tana gogewa da gefen mayafinta.

Ta ce ita dai farin ta so, don ta riƙa ganin abin da nake ciki. Na ce in kina son ganin ƙafata ki zo da kanki, kin san hanya. Ta ce kowace Asabar. Ɗakin da aka yi wa fenti kuma, na ce su sa baƙi.

An mayar da Amarya cikin kwalinta. Ba ta yi laifin komai ba, ina yi mata fatan gida mai labule.

Talata, 18 ga Maris

Rago ya kayar da tukunyar fure kuma. Na matsar da ita kan taga.

Surukina ya ce zai turo kafinta ya gyara makullin nan. Na ce a bari tukuna, ba sauri. Ƙofar a buɗe take yanzu, saboda iska ce kawai, ɗaki yana wari in an rufe shi. Shayin safe ma a can na sha, kujerar ta fi dacewa da bayana.

Ƙarfe goma Rago ya shigo, ya daki ƙafar tebur. Na ji bakina ya ce, "Ba wanda ya matsar da shi."